Jifan Gatari na Gasa: Tambayoyin da Masu Neman Ƙwarewa Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke dawowa kusan kowace kakar wasa daga bakin waɗanda suka wuce murnar ganin gatari ya kafe a allo, suka fara neman cin wasa. Na faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma inda wata amsa ta jingina da wata na nuna inda za a koma.

Daga ina wasan ya fito, kuma su wa ke tsara dokokinsa?

Masu saran itace sun daɗe suna gasar jifa da babban gatari mai baki biyu daga nisan ƙafa 20. Amma wanda ya bazu yanzu, na ƙaramin gatari a cikin rufaffen wuri, daga Kanada ya taso. A 2006 Matt Wilson ya fara tara abokansa suna jifa a bayan gida a Toronto, abin ya girma ya zama ƙungiyar BATL. Daga wannan tushe aka kafa hukumar da yau ake kira IATF a 2016, wadda gwanayenta ke fafatawa a kan Kofin Wilson. A 2017 kuma aka kafa wata hukumar daban, WATL, wadda tashar talabijin ta ESPN ta nuna gasarta ta duniya.

Kafin ka fara wani atisaye ka tabbatar a ƙarƙashin wacce za ka yi wasa. Allonsu ba ɗaya ba ne, lissafin makinsu ba ɗaya ba ne, har gatarin da suka amince da shi ya bambanta. Suna kuma yi wa dokokin kwaskwarima lokaci zuwa lokaci, don haka karanta na kakar da kake ciki.

Yaya ake lissafin maki?

A WATL wasa jifa 10 ne. Cibiyar allo maki 6 ce, da'irorin da ke kewaye da ita suna raguwa har zuwa 1. Akwai ƙananan ɗigo biyu shuɗaye a sama, dama da hagu, da ake kira kilshot, kowane maki 8. Wanda ya samu cibiya takwas da ɗigo biyu ya haɗa 64. Idan bakin gatari ya taɓa yankuna biyu, mafi yawan makin ake ba ka.

A IATF wasa zagaye 3 ne, kowane jifa 5. Cibiya 5, jar da'ira 3, shuɗiya 1. Ɗigon sama kore ne, ana ce masa kuloc, makinsa 7, kuma a jifa na biyar na zagaye kawai ake nemansa. Cikakken wasa shi ne 81, wato 27 sau uku. A dokarsu ta yau da kullum ana duba inda mafi yawan bakin gatarin ya shiga ne, ba inda ya ɗan taɓa ba. Wannan bambanci yana shafar yadda za ka so gatarinka ya sauka, kamar yadda za ka gani a amsar da ta yi bayanin juyawar gatari. A duka biyun, gatarin da ya faɗo ƙasa sifili ne, ko da a tsakiyar cibiya ya sara.

Da hannu ɗaya zan jefa ko da biyu?

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Jifa da hannu biyu daga bayan kai yana miƙar da jiki, yana rage kaucewa dama ko hagu, shi ya sa ake fara koya wa sabbi da shi. Mafi yawan waɗanda suka yi nisa da ƙaramin gatari suna komawa hannu ɗaya, saboda gaɓoɓin da ke motsi sun fi kaɗan, kuma ido yana bin layin hannu kai tsaye. Gwada kowanne na 'yan makonni, sannan ka zaɓi ɗaya ka zauna a kai. Yawan sauyi tsakanin biyun ne ke hana hannu sabawa.

Gatarina yana dukan allo ya faɗo. Mene ne matsalar?

Kusan kullum juyawa ce. Ƙaramin gatari yana yin juyi ɗaya cikakke tsakanin hannunka da allo, kuma aikinka shi ne ka sa juyin ya cika daidai lokacin da ya iso katako. Kada ka kawar da kai don takaici bayan ya faɗo. Ka lura da ɓangaren da ya fara dukan allon, domin duk bayanin da kake buƙata yana wurin.

Idan gindin ƙota ne ya fara buga allo, ko tsinin ƙasa na baki ya shiga ƙotar ta manne da katako, juyin bai cika ba. Ja baya da rabin taku. Idan kuwa saman kan gatarin ne ya daki allo, ko ya kafe amma ƙotar ta miƙe tana nuna ƙirjinka ko ma ta ɗago sama, juyin ya wuce. Matso gaba da rabin taku. Rabin taku na ce, wani lokaci ma faɗin tafin hannu ya isa. Da ƙafa ake fara gyaran juyawa, ba da wuyan hannu ba, domin wurin tsayawa abu ne da za ka iya aunawa ka sa masa alama, shi kuwa lanƙwasar wuyan hannu yau wannan gobe wancan.

Akwai sauka iri biyu masu kyau. Na farko baki ya shiga gaba ɗaya, ƙota ta rataya kusan daidai da fuskar allo. Wannan yana rufe wuri mai tsawo, don haka yana da riba inda taɓa layi kawai ake buƙata. Na biyu tsinin sama ya fara nutsewa, ƙota ta karkato wajenka kaɗan. Wannan ya fi kamawa a katako mai tauri, kuma ɗan abin da ya shiga yana iya zama duka cikin cibiya. Ka san wanne dokar gasarka ta fi saka wa, ka daidaita tsayuwarka a kansa.

Ina kan layi, ba damar matsowa, amma har yanzu juyin yana wucewa. Yaya zan yi?

A WATL layin ƙaramin gatari yana ƙafa 12 daga allo, kimanin mita 3.66, kuma ƙetare shi kafin lokaci yana soke jifan. Idan ƙafa ta ƙare maka, saura abubuwa uku. Riƙe ƙota daga can ƙarshenta, domin doguwar ƙota tana juyawa a hankali, gajera kuma da sauri. Ɗora babban yatsa a bayan ƙota, yana danne juyin kaɗan. Sannan ka binciki wuyan hannunka: yawancin masu wannan matsala suna fizgarsa ƙasa a lokacin saki ba tare da sun sani ba. Sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe, a rage gudunsa, za ka gani da idonka. Idan duka ukun ba su yi ba, ƙotar ce ta yi maka gajarta, sai ka duba amsar zaɓen gatari.

Shin ƙarfi yana da amfani?

Kaɗan ƙwarai. Gatari mai kaifi yana shiga katako mai laushi da nauyin kansa. Jifa da ƙarfi yana sa kafaɗa ta karkace, riƙo ya tsananta, gatari ya yi tsalle ya dawo idan bai kama ba. Ka saurari wurin da gwanaye ke jifa: ƙarar saukar gatarinsu gajera ce, tif, ba ta girgiza allo. Riƙe ƙota sakwa-sakwa, yadda za ta zame daga yatsunka da kanta idan hannu ya miƙe. Wasu ma da yatsu biyu ko uku suke riƙewa.

Gatari yana kafewa, amma ba inda nake so ba. Ta ina zan fara gyara?

Raba kuskuren gida biyu. Sama da ƙasa batun lokacin saki ne: wanda ya saki da wuri zai tafi sama, wanda ya makara zai tafi ƙasa. Cibiyar allon WATL tana inci 60 daga ƙasa, wato kusan daidai fuska ko kafaɗar yawancin mutane, don haka sakin yana zuwa ne lokacin da hannu ya miƙe yana nuna inda ido ke kallo. Bayan saki kada ka tsayar da hannu cak, bar shi ya ci gaba da saukowa. Mai taka wa hannunsa birki yakan fara yin haka tun gatari bai bar yatsunsa ba.

Dama da hagu kuwa batun layi ne. Duba gwiwar hannunka: idan tana buɗewa waje, hannun zai ratsa gaban jiki ya kai gatari gefe. Duba kuma inda ka tsaya. Mai jifa da hannu ɗaya kafaɗar jifansa ce ya kamata ta fuskanci cibiya, ba hancinsa ba, don haka na dama yakan ɗan gusa hagu. Idan baki yana shiga a karkace maimakon a tsaye, riƙon ya yi tsanani ko hannu yana murɗawa wajen saki.

Abu ɗaya da nake nacewa a kai: idan jifa biyar sun taru wuri ɗaya, ko da nesa da cibiya ne, ka yi murna. Hannunka ya daidaita, gusar da ƙafa kawai ya rage. Wanda jifansa ya warwatse ko'ina, ɗaya a cibiya huɗu a gefe-gefe, shi ne ke da sauran aiki. Kuma kada ka kalli cibiya gaba ɗayanta. Zaɓi wani ɗan tabo ko tsaga a cikinta ka kafa masa ido.

Wane gatari zan saya?

Wanda doka ta yarda da shi tukuna. WATL ba ta yarda tsawonsa ya wuce inci 19 ba, nauyinsa kada ya haura kilo 1.36, bakinsa kada ya fi inci 4. IATF tana buƙatar ƙotar itace, kuma ta ƙayyade nauyin kan gatarin tsakanin kimanin giram 570 da 790. Bayan wannan, nemi mai siririn baki. Gatarin faskare an yi shi da kauri ne don ya tsaga itace, a allo kuwa wannan kaurin shi ke turo shi waje. Ƙota miƙaƙƙiya marar ƙulli a ƙarshe ta fi zamewa daga hannu lami lafiya.

Sayi mai ƙota da ɗan tsawo, ka riƙa rage ta kaɗan-kaɗan da zarto har juyin ya dace da nisanka. Abin da ka yanke ba ya dawowa, saboda haka rabin inci a lokaci guda, ka yi jifa da yawa kafin ka ƙara. Idan hali ya yi, mallaki biyu iri ɗaya, don ƙota tana karyewa a tsakiyar gasa.

Yaya kaifin ya kamata ya kasance?

Ya yanka takarda ba tare da ya yage ta ba. Amma sirancin ƙarfen da ke bayan kaifin ya fi kaifin kansa muhimmanci. Fara da magagari idan bakin ya yi kauri ko ya ɓare, ka ƙarasa da dutsen washi, kana kiyaye kusurwa ɗaya a ɓangarorin biyu. Idan da injin washi za ka yi, ka riƙa tsoma ƙarfen a ruwa, domin in ya yi zafi har ya sauya launi ya rasa taurinsa. Tsinin sama ne ya fi shan wahala, musamman idan gatari ya faɗi a kan siminti, don haka shi za ka fara dubawa.

Me ya sa nake jifa da kyau a wani allon, a wani kuma komai ya lalace?

Domin katako ba ɗaya ba ne. Ana yin allo da itace mai laushi, amma sabon katako busasshe yana da tauri, yana tofar da gatari. Wanda ya sha sara kuma cibiyarsa ta zama rami, ba abin da baki zai kama. Ga kuma ƙullin itace, wanda ko gatari mai kaifi ke tsalle a kansa. Fesa wa allo ruwa yana tausasa shi, yana kuma sa tsagogin su rufe.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Yi amfani da jifan gwaji ka karanta allon: a mai tauri ka ja baya kaɗan don tsini ya fara shiga, ka ɗan ƙara sauri, ba ƙarfin kafaɗa ba. A wanda ya ragargaje ka nemi gefen cibiya da ke da sauran nama. Idan allon ya wuce amfani kana da damar roƙon alƙalin wasa ya duba shi, kuma ka yi hakan kafin a fara, ba bayan gatarinka ya faɗo ba. A WATL ana musayar allo bayan jifa biyar, don haka duka biyun za ka karanta.

Yaya zan tsara atisaye don ya yi amfani?

Jifa 50 da hankali sun fi 300 na gajiya. Da zarar kafaɗa ta yi nauyi, abin da kake koya wa hannunka kuskure ne. Gara sau uku a mako na rabin awa da wuni guda cur.

Riƙe littafi. Rubuta makin kowane wasa, sau nawa gatari ya faɗo, da gefen da kuskure ya fi karkata. Ƙwaƙwalwa tana riƙe cibiyoyin da ka samu ta manta sauran, takarda kuwa ba ta son kai. Manna ɗan tef a ƙasa inda yatsan ƙafarka ke tsayawa. Ka raba lokacin: kashi ɗaya na cibiya zalla, kashi ɗaya na ɗigon sama dama da hagu, na ƙarshe kuma cikakken wasa da lissafi kamar a gasa, ba maimaita jifan da ya ɓaci. Ka saba da sauyawa daga cibiya zuwa ɗigo ka dawo, domin jifan da ke biyo bayan ɗigo yakan tafi sama.

Makina ya tsaya wuri ɗaya, har ma yana ja baya. Me zan canza?

Abu ɗaya tak, kuma ka ba shi lokaci. Na taɓa shiga wannan hali a tsakiyar wata kaka. A cikin mako guda na sauya riƙo, na yanke ƙota, na koma tsayawa da ƙafar hagu a gaba. Makina ya zube, kuma na rasa gane wanne daga cikin ukun ya jawo. Wani dattijo da muke jifa tare ya tsaya bayana ya kalli jifa goma bai ce uffan ba. Sannan ya durƙusa ya manna tef a inda nake tsayawa a da, ya ce, "Ƙanena, koma nan, ka riƙe yadda ka saba. Ƙotar kaɗai za mu bari a sabuwarta, mu ga me za ta ce." Jifa na uku muka gane juyin yana wucewa saboda gajartar ƙotar. Faɗin tafin hannu na matsa gaba, gatari ya koma zama daram.

Tun daga ranar ba na taɓa abu biyu a lokaci guda. Ka kuma sani duk sabon gyara yakan rage maki na ɗan lokaci kafin ya ƙara, don haka bayan kaka ake yinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaushe ya dace in nemi ɗigon sama?

Sai ka sanar kafin ka jefa, kuma idan ka kuskure ka tashi a tutar babu. Don haka lissafi ne. A WATL, idan kusan kullum kana samun 6 a cibiya, neman 8 ba zai biya ka ba sai kana samunsa sau uku cikin huɗu. A IATF musayar 5 ce da 7, wato sai kana samu sau biyar cikin bakwai. Wanda cibiyarsa ba ta tabbata ba, abin da yake sadaukarwa ya fi ƙanƙanta, don haka ma'auninsa ya ɗan sauko. Littafin da na ambata a amsar atisaye shi zai faɗa maka ainihin adadinka.

Yanayin wasa yana iya rushe wannan lissafi. Idan jifa ɗaya ya rage kana baya da abin da cibiya ba za ta cike ba, ɗigo dole ne. Idan kana gaba kuma cibiya ta isa ta rufe wasan, ɗauki cibiyarka. Na ga mutane da yawa sun zubar da wasan da ke hannunsu don kawai abokin karawa ya kira ɗigo su ma suka bi. Ko da ba ka shirya nemansa a wasa ba, ka riƙa atisayensa, domin a WATL da shi ake raba kunnen doki. Wajen jifansa, gusa ƙafa ka fuskanci ɗigon kai tsaye, ka ɗaga ido, ka bar sauran jifan yadda yake. Gatarin zai ɗan ƙara tafiya, don haka lura ko juyin ya wuce.

Ina yin kyau a atisaye, amma a gasa hannuna yana rawa. Akwai magani?

Akwai, kuma ba daina jin tsoro ba ne, domin gwanaye ma gabansu yana faɗuwa. Abin da suke da shi tsari ne da ba ya canzawa: ƙafa a kan alama, gyara riƙo, kallon tabo, numfashi ɗaya a fitar, jifa. Yi wannan a kowane jifa na atisaye har ya zama jiki, ranar gasa shi zai ɗauke ka. Fargaba tana bayyana a wuri biyu, riƙo ya tsananta, jifa ya yi sauri. Idan ka ga gatari ya fara sauka ƙasa da cibiya, sassauta yatsu, domin matsewa ce ke jinkirta saki. Tafin hannu mai gumi yana kama ƙota, sai ka ajiye ƙyalle ko garin alli kusa. Kada ka kalli allon abokin karawa kafin ka yi naka jifan.

Me zan kiyaye don kada a ji rauni?

Takalmi rufaffe. A jefa tare, a ɗauko tare, ba mai ƙetare layi sai gatarin kowa ya tsaya. Idan gatari ya yi tsalle ya nufo ka, kauce, kada ka kai hannu. Kafin kowane zama girgiza kan gatarin ka ji ko ya yi sako-sako, ka duba ƙota ko ta tsage. Wajen cirewa daga allo, motsa ƙota sama da ƙasa, kada ka fizgo ta wajen fuskarka. Ciwon gwiwar hannu ko kafaɗa da ya ƙi tafiya alama ce ta yawan ƙarfi ko yawan jifa, ka huta, in ya ci gaba ka ga likita.

Sai na koyi babban gatari?

Idan a IATF kake, ba makawa, domin idan wasa ya tashi canjaras da shi ake raba gardama. A WATL kuwa rukuni ne mai zaman kansa, ana jifa daga ƙafa 17. Ka'idar juyawa ɗaya ce da wadda na bayyana a sama, sai dai doguwar ƙota tana juyawa a hankali, shi ya sa ake ja baya. Da hannu biyu akasari ake jefa shi, hannuwa a haɗe a ƙarshen ƙota, a ɗaga shi bisa tsakiyar kai, a bar nauyinsa ya ja shi gaba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne hannu mai ƙarfi ya rinjayi ɗayan, gatari ya karkace. Ware masa jifa 10 a ƙarshen kowane atisaye, lokacin da ka ɗan gaji, domin a irin wannan hali za ka ɗauke shi a gasa. Shi ma ka manna masa nasa tef ɗin a ƙasa.